Sankarar mama: A tabbatar gwajin ER ya amfani matan Rano da Kibiya

Da "ciwon daji", da "sankara", da kuma "kansa" da muka aro daga Turanci, kalmomi uku ne da Bahaushe ke kiran cuta guda da su. A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa dukansu ukun suna ɓoye wata gaskiya, wato abin da muke ɗauka cuta ɗaya ce, a wurin likitoci tarin cututtuka ne daban-daban, kowace da halinta da maganinta. Ko sankarar mama kaɗai iri-iri ce, kuma abin da ke rarrabe su wani ɗan furotin ne da ido ba ya gani.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai dubban ƙwayoyin gado, waɗanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Ba dukansu ke aiki lokaci guda ba, domin akwai wasu furotin da aikinsu shi ne kunna wasu da kashe wasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne makarɓar sinadarin istirojin na mata, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ER. Idan sinadarin ya maƙale masa, sai ya hau kan ƙwayoyin gado ya ba da umarnin girma. Idan ƙarin da ke cikin maman mace yana ɗauke da wannan furotin, to da istirojin yake ƙiba.

Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ta Amurka ne ya gano shi a 1958. Daga baya furotin ɗin ya zama abu biyu a lokaci guda, alamar da ake gane irin sankarar da ita, da kuma wurin da magani ke nufa. Ƙwayar Tamoxifen, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 1973, tana toshe wannan makarɓa. Bincike a kan dubban mata ya tabbatar da cewa shan ta na shekara 5 yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ƙarinsu ke da ER. Wadda ƙarinta ba shi da shi kuwa, kusan babu abin da ƙwayar za ta tsinana mata. Mafi tsanani ita ce irin da ba a samun ER ko sauran alamomi biyu da ake dubawa a jikinta, domin tana saurin yaɗuwa, ta fi kama mata masu ƙarancin shekaru, kuma babban makaminta shi ne allurar kemo tare da tiyata.

To ina matan ƙasarmu suka faɗa? A 2009 ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ya duba tsokar marasa lafiya fiye da 500 daga Nijeriya da Senegal, ya sami ER a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Amma wani binciken da aka wallafa daga Ibadan a 2008 ya same shi a kusan kashi biyu cikin uku. Masana sun danganta wani ɓangare na wannan tazara da yadda ake adana tsokar kafin a gwada ta. Ƙa'idar ƙwararru ta ce a jefa gutsuren da aka yanko cikin ruwan fomalin kafin sa'a ɗaya ta cika, ya kuma jiƙa tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Idan aka saɓa, furotin ɗin yakan lalace, gwaji ya ce babu alhali akwai.

A nan ne maganar ta shafi Rano da Kibiya kai tsaye. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta a wani ƙauyen Kibiya za ta fara da ɗakin shan magani, daga nan Babban Asibitin Rano, sannan birnin Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Idan an cire ƙullutun a hanya aka zubar, ko aka danƙa wa dangi a kwalba ba tare da isasshen fomalin ba, ya sha zafin mota har birni, to ilimin da aka tara tun 1958 ya tashi a banza a kanta. Za a iya hana ta ƙwaya mai sauƙin kuɗi da za ta ƙara mata shekaru, ko a ɗora ta a kan wadda ba ta da amfani a gare ta, iyali na sayar da awaki da hatsi. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu.

Wani zai ce mutanen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ina ruwansu da wani furotin? Amsata ita ce abin da ake nema ba shi da tsada. Duniya na can tana farautar wani furotin mai kunna ƙwayoyin gado da ake kira MYC, wanda ke rura wutar sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yaranmu, har a 2024 masu bincike a Barcelona ta Sifen suka wallafa sakamakon gwajin farko na maganin da ke toshe shi. Wannan sai mu jira. Amma fomalin da kwalba da takardar rubuta lokacin da aka yanko tsoka ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta wajabta cewa duk ƙullutun da aka cire daga mama a manyan asibitocin karkara a adana shi bisa ƙa'ida, asibiti kuma ya kai shi ɗakin gwaje-gwaje da kansa. Tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ya ɗauki nauyin gwajin. Masarautar Rano, wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, ta sa hakimai da dagatai da limamai su riƙa jan kunnen magidanta cewa ƙullutun mama ba a jinkirta shi da sunan sammu ko kunya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma malaman harshe a jami'o'i akwai namu kason. Wajibi ne mu zauna da likitoci mu daidaita kalmomin Hausa na waɗannan gwaje-gwaje, ta yadda za a faɗa wa mace a fili irin sankarar da ke jikinta da dalilin maganin da aka zaɓar mata. Kai kuma mai karatu, idan aka kai 'yar uwarka asibiti da wannan larura, tambayi likita cikin ladabi ko an yi gwajin ER, kuma me ya nuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.