Kasuwa Ta Girmi Iyaka

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Duk lokacin da tiyar gero ta yi tsada a kasuwannin Hawandawaki, Tasawa ko Mayahi, sai mu riƙa jin ana cewa ai baƙi ne suka zo suka kwashe. To amma kafin mu ɗora wa wani laifi, ya kamata mu tuna su wa suka raya kasuwar tun farko.

Baturen nan ɗan Jamus mai yawon duniya, Barth, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya tarar ana hada-hada, har soyayyar fara ake sayarwa. A wancan zamani Buzaye ke sauko da gishirin Bilma su koma da gero, Fulani su kawo nono da man shanu, fataken Kano da Katsina su zo da tufafi, kakanninmu mata kuwa ga fura, ga daddawa, ga kaɗin zare. Da wuri ake ciniki, ba mai tambayar takardar wani.

Nasara bai shigo da sallama ba. A 1899 sojojin Voulet da Chanoine suka yi ta ƙone garuruwa, kafin nasu mutanen su kashe su kusa da Maijirgi. Daga 1906 zuwa 1908 Faransa da Ingila suka kafa alamun iyaka, aka raba wa da ƙane. Ga haraji da kuɗin Faransa, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Duk da haka kasuwa ba ta fasa ci ba, domin kuwa jama'a ba su yarda sun zama baƙin juna ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, wa ya sha wuya? Mai koko da mai ƙosai da ɗan tebur, na Nijar da na Nijeriya baki ɗaya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin mata da su sa ido kan masu ɓoye hatsi da masu tauye mudu, ko da 'yan gida ne. Baƙo kuwa a auna masa da tiyar da ake auna wa kowa. Abin da Nasara ya kasa rabawa, kada mu raba shi da bakinmu. Allah Ya sa wa kasuwa albarka.