Ana ƙidayar ɗalibai a Kano, amma wa ke riƙe da bayanan kowane ɗalibi?

Duk shekara akan kai wa shugabannin makarantun sakandare na Tarauni, kamar takwarorinsu na sauran ƙananan hukumomi 43 na Kano, fom ɗin ƙidayar makarantu. Za su rubuta yawan ɗalibai maza da mata, malamai, ajujuwa, kujeru da bandakuna. Daga nan bayanan su wuce sashen EMIS na Ma'aikatar Ilimi, inda ake zuba su a kwamfuta. Tsarin ya samo asali ne daga manufar tattara bayanan ilimi ta ƙasa ta 2007, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya taimaka wajen kafa shi a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi uku.

Babu mai musun amfaninsa. Gwamnatin da ba ta san yawan ɗalibanta ba za ta raba malamai da littattafai ne bisa ƙiyasi, ko bisa wanda ya fi ƙafa a ma'aikata. Shelar ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Ganduje ta yi a 2019, da dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yunin 2024, duk da alƙaluma aka kafa musu hujja. Haka ma shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500 kuma Kano na cikin jihohi bakwai na farko, bai iya biyan tallafin ɗaliba sai an tabbatar da wace ce ita da makarantar da take.

Sai dai ƙidaya jimilla take gani. Za ta ce aji na da yara tamanin, amma ba ta san ɗaya daga cikinsu ba. Bayanan ɗalibi shi kansa, wato sunansa, ranar haihuwarsa, makin da ya ci tun daga aji ɗaya, har yanzu a makarantu da yawa suna cikin rajista da fayil a kabad ɗin ofishin mataimakin shugaba, inda gara da yoyon damina ke iya gamawa da su. A nan ne matsalar da ke taɓa talaka take.

A ɗauki batun suna. Yaro ya shiga ƙaramar sakandare an rubuta masa Muhammad, malamin da ya kwafe rajista ya mayar da shi Mohammed, a wajen rajistar NECO wani ya taƙaita shi Muh'd. A firamare da sunan mahaifinsa yake amfani, a sakandare aka ƙara masa na kakansa ko na unguwarsu. Ranar haihuwa kuwa, in babu takarda, sai a zaɓa masa ɗaya ga Janairu. A da wannan ba ya hana komai. Amma tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, kuma daga bayanan NIMC take ɗauko sunan mai rajista. Ranar da sunan da ke sakamakon sakandare ya saɓa da na NIN, sai iyaye su fara zarya tsakanin kotunan Gyaɗi-Gyaɗi domin takardar rantsuwa, da shagunan intanet, da ofishin hukumar jarrabawa. Kuɗi ya tafi, wani lokacin gurbin karatun ma ya tafi, kan kuskuren da aka yi shekara shida baya da biro.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yaro ɗaya yana ratsa hukumomi daban-daban. Firamare da ƙaramar sakandare na ƙarƙashin SUBEB, babbar sakandare na da hukumarta, makarantun kimiyya da fasaha na da tasu, masu zaman kansu ma haka. Jarrabawar tantancewa ta 'yan aji biyar, wadda da ita gwamnati ke zaɓar waɗanda za ta biya wa NECO, tana hannun KERD. Kowace na buɗe sabon shafi. Yarinyar da aka ɗauke daga makarantar kuɗi a Unguwa Uku zuwa ta gwamnati a Daurawa, saboda kuɗin zango ya gagari mahaifinta, takan zo ne da takarda guda a hannu, wani lokacin ba ko ɗaya. Wadda ta daina zuwa gaba ɗaya kuma sai dai a ga jimillar baɗi ta ragu, ba tare da an san sunanta ba.

Masu cewa babu wuta babu kwamfuta suna da gaskiya, amma ba duka ba. A Tarauni kasuwar waya ta Farm Centre take, kuma da wuya a sami malamin aji marar babbar waya. Abin da ya rage shi ne manhaja mai aiki ko babu intanet, da lamba guda ga kowane ɗalibi tun ranar shigarsa aji ɗaya, a haɗa ta da NIN, a kira uba ko uwa su duba rubutun sunan su amince kafin a rufe. Kuɗin data kuma ya fito daga ma'aikata, domin albashin malami ba zai ɗauka ba.

Sannan bayanan su riƙa dawowa. Shugaban da ya cike fom shekara da shekaru bai taɓa ganin ko takarda ɗaya da ke nuna masa matsayin makarantarsa ba, zai ɗauke shi aikin gayya, ya miƙa wa magatakarda ya kwafe na bara. In kuwa ya san da alƙaluman za a turo masa malamin lissafi, kuma kwamitin SBMC da iyaye za su ga abin da ya rubuta, zai zauna ya ƙirga.

Akwai kuma batun sirri. Jerin sunayen 'yan mata da shekarunsu da lambobin iyayensu ba abin yawo ba ne a zauren WhatsApp ko a kwamfutar mai shagon buga takardu. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye kan bayanan yara, kuma ta hau kan ma'aikatar gwamnati kamar yadda ta hau kan banki.