Sawakin, Ƙofar da Dukiya Ke Ratsawa Ba Ta Kwana

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattawan da suka sauke farali ta ƙasa, tun zamanin da tafiyar Makka kan ci shekaru, har mutum ya bar gida da goyo ya komo da saurayi, ba zai rasa jin sunan Sawakin a bakinsu ba, domin a nan ne alhajin da ya ratso Borno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira don ya tara guzuri, yake fara ɗora idonsa a kan Bahar Maliya, ya tabbata cewa tsakaninsa da Jidda saura ruwa kaɗai. Da yawa daga cikinsu Allah bai nufe su da komowa ba, su ne kakannin Hausawan da ke zaune a Sudan har yau.

Garin tsoho ne ƙwarai, Ibn Baɗɗuɗa ma ya yada zango a cikinsa. Asalinsa ɗan tsibiri ne a ƙuryar wata siririyar mashiga, inda attajirai suka gina benaye da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, suka ƙawata tagoginsu da sassaƙen itace. Ga masallacin Hanafiyya, ga na Shafi'iyya, shaidar zamanin da daular Usmaniyya ta riƙe wurin tun ƙarni na 16. Amma abin da ya kare shi daga igiyar ruwa shi ne kuma ya zama sanadin faɗuwarsa, gama sa'ad da manyan jiragen tururi suka yawaita bayan buɗe mashigar Suwais a 1869, sai ƙofar ta yi musu ƙunci, har Ingilishi suka gina Fot Sudan, kimanin kilomita 60 arewa, suka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe, hukumar kwastan ta bi su, gidajen murjani kuwa, waɗanda ba sa jure sakaci saboda gishiri da laima, suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya.

To, ba don kukan kango na ɗauki alƙalami ba. Mutanen Sawakin, waɗanda ƙidayar 2008 ta samu sun haura dubu arba'in, ba a tsibirin suke ba. Suna kan tudu daura da shi, akasarinsu 'yan ƙabilar Beja, tare da Larabawa da jikokin alhazan yamma, kuma rayuwarsu ta rataya ne a kan kamun kifi da dako da ɗan ciniki. Tun da aka sake buɗe tashar jiragen ruwan garin a 1991 da sunan Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi wanda ya hana Ingilishi barci a wannan gaɓa, jiragen fasinja na zirga-zirga zuwa Jidda, manyan motoci kuma na sauke tumaki da raƙuma daga Kordofan da Darfur don kasuwannin Saudiyya, musamman idan lokacin hadaya ya gabato. Dukiya mai yawa ce, sai dai mai dabba yana nesa, dillali yana nesa, baitulmalin da ke karɓar haraji ma yana nesa. Abin da ke saura a gari shi ne ladan ɗan dako, da kuɗin gahawa mai citta da direba ya sha kafin ya juya.

A ganina, a nan ne mahukunta suka karkatar da nazari. A watan Disamba na 2017, shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka yi ittifaƙi a kan gyara tsofaffin gine-gine, jaridun duniya suka yi ta muhawara a kan ko sansanin soja ake nufi, alhali ba a ji mai tambayar yadda matar masunci ke samun ruwan girki ba, a garin da ruwan daɗi yake zuwa ƙofar gida a kan amalanken jaki, a saya da kuɗi. Ba na ƙin a raya masallatan magabata, wannan aikin lada ne; amma malamai sun yi bayani cewa lalura tana gaba da ado, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Sakacin kuwa bai tsaya ga ruwa ba: a watan Yuni na 2022 wani jirgi da aka ɗora wa tumaki sama da dubu 15, fiye da abin da zai iya ɗauka, ya nutse a cikin tashar kanta, kaɗan ƙwarai aka ceto.

Yanzu kuma ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya mai da Fot Sudan mazaunin gwamnati na ɗan lokaci, ya kuma koro dubban 'yan gudun hijira zuwa gaɓar teku, aka ƙara baki a kan tulun da tun farko bai cika ba. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne: a yanka wani kaso sananne daga kuɗin kowane rago da kowane fasinja da ya ratsa tashar Usman Digna, a rubuta shi a doka, a ɗora shi a kan famfo da asibiti da makarantar garin, kafin a sake aza dutse ɗaya a kan tsibiri.