Kyamara ba ta da laifi, Malam Furodusa!

Akwai wata sabuwar cuta da ta shigo harkar fim a yankin mu na yammacin Zamfara, kuma in aka ci gaba da yin shiru za ta cinye ɗan jarin da yaran mu su ke da shi. Cutar ita ce sayen kyamarar da ba a iya aiki da ita ba, sannan a dawo ana tsine mata.

Kwanakin baya wani ƙanen abokina ya taso daga Bukkuyum ya iske ni a Gummi, rungume da jaka kamar mai ɗauke da jinjiri. Ya sayar da babur ɗin sa, ya haɗa da kuɗin wake, ya je Kano ya sayo Blackmagic Pocket 4K ta hannu. Kwana huɗu ya yi ya na ɗaukar wani shiri mai dogon zango da ya ke son ɗorawa a YouTube. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, an cuce ni. Kyamarag ga da anka saida min lalatatta ta. Hoton duk hazo na." Wai har wani ya faɗa masa ƙila abokan hamayya ne su ka yi mata asiri. Na karɓa na duba. Lafiyar ta ƙalau. Cikin minti goma sha biyar mu ka gyara setin ta. Abin da bai gyaru ba shi ne kwana huɗun nan, da kuɗin abincin mutum goma sha, da jarumar da ya ɗauko daga Gusau wadda tuni ta koma gida.

Ban ga laifin yaron shi kaɗai ba. Laifin na manyan da su ka koya masa cewa sunan kyamara shi ne fim. Ka saurari hirar wasu furodusoshi ka sha mamaki: ba za ka ji labarin da su ke son bayarwa ba, sai dai "da kyamara kaza mu ka yi, 4K ne, 6K ne." To sai me? Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da kyamarar kaset aka ɗauke shi, kuma a kan sa aka gina duk wannan industiri. Sangaya da ya girgiza ƙasar Hausa, wayar da ke aljihun ka yanzu ta fi kyamarar da aka yi shi da ita fitar da hoto. Ko a Amurka, Sean Baker ya ɗauki fim ɗin sa Tangerine na 2015 da wayar iPhone 5s, aka nuna shi a bikin finafinai na Sundance.

Abin da mutanen da su ke da shi, mu mu ka rasa, shi ne zama ƙarƙashin wani. A da yaro sai ya shekara ya na jan waya da riƙe fitila a lokeshin kafin a bar shi ya leƙa idon kyamara. Daga fitowar Canon 5D Mark II a 2008 kyamarori masu hoton sinima su ka fara araha. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan Izzar So da Labarina su ka nuna a 2020 cewa shiri mai dogon zango ya na da kasuwa. Yanzu yaro a Anka ba ya buƙatar ɗan kasuwar Ƙofar Wambai kafin duniya ta ga aikin sa. Wannan alheri ne, ban musa ba. Amma an tsallake koyo, kuma kyamarar sinima ba ta yafe wa wanda ya tsallake.

Mu fara da hazon da ya tayar wa yaron nan hankali. Waɗannan kyamarori su na da wani tsarin ɗauka da ake kira Log. A Sony za ka ga S-Log3, a Blackmagic an rubuta Film. Da gangan ya ke fitar da hoto fari-fari, ba kala, kamar an wanke shi da ruwan toka, domin ya adana abin da ke cikin haske da abin da ke cikin inuwa, daga baya edita ya zauna a kwamfuta ya dawo da kalar. Ɗanyen nama ne, sai an dafa. Idan editan ka bai iya gyaran kala ba, ko kwamfutar sa ba ta da ƙarfi, to me ya kai ka? Ka mayar da ita kan Video ko Rec.709, abin da ka gani a allo shi za ka samu. Babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne ka saki fim jarumar ka ta fito kamar wadda ta kwana biyu a gadon asibiti, don kawai a ce kai ma ka yi Log.

Sai kuma layukan nan baƙaƙe da ke yawo a hoto, ko hasken da ke ƙyaftawa, duk lokacin da aka yi ɗauka cikin ɗaki da dare. Nan ne aka fi zargin aljanu. Ga aljanin: wutar lantarkin Nijeriya ta na juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Ƙwan fitila na bin wannan juyi, ya na haske ya na dusashewa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kyamara ta na kamawa. Da yawa daga cikin kyamarorin hannu da ake shigo da su an saita su ne don wutar can, firam 30 a daƙiƙa, shota 1/60. Ta yaron nan haka ta ke, tun yadda mai ita na farko ya bar ta. Maganin bai wuce ka sa ta kan PAL in ta na da wurin, ka zaɓi firam 25, shota 1/50, ko digiri 180 in da digiri ta ke lissafi. Matsalar da ta rage ita ce ƙaramin janareta, wanda juyin sa ke hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. In da shi ka ke haska ɗaki, ka kalli allo sosai ka riƙa matsa shota kaɗan-kaɗan har layukan su tsaya, ko ka huta da wahala ka nemi fitilun LED na ɗaukar fim masu aiki da batir.

Wannan shota ta 1/50 ita ke jefa sabon shiga cikin wata rigimar da rana. Ka fito da kyamara filin kasuwar Gummi da azahar, komai zai ƙone ya yi fari fat. Sai yaro ya ruɗe ya ɗaga shota zuwa 1/2000. Haske ya daidaita, amma tafiyar mutane ta koma tsalle-tsalle kamar ta 'yar tsana. Abin da ake buƙata shi ne filtar ND, wato tabarau baƙi da ake ɗaura wa lensi. A tsakar rana, kan ISO 400, filta mai lamba ND64 za ta ba ka damar tsayawa kan 1/50 da ƙofar lensi wajen f/5.6. Pocket 4K ba ta zo da wannan filta a cikin ta ba, haka ma Sony FX3, kuma ba kowane mai shago ba ne zai tuna maka. 

Akwai kuma abin da littafin kyamara ba zai faɗa maka ba, domin ba don mu aka rubuta shi ba: baƙar fata cikin farar shadda. Ka bi shaddar, fuska ta nutse cikin duhu. Ka bi fuskar, shadda ta ƙone. Darakta mai hankali tun a gida ya ke hana ɗan wasa sa fari ƙal. In kuma labarin ya tilasta, kamar na ango ko liman, a sa shi a inuwa, a samu farin kwali ko allon soso a maido masa da haske a fuska, a kunna Zebra don ta nuna inda ya ƙone. Kuma a daina shutin tsakanin sha biyu da uku in ba dole ba. Hantsi da bayan la'asar kyauta Allah ya ba mu su. Wurin da aka rubuta WB ma a daina barin sa ya na zaɓar wa kan sa: 5600 a rana, 3200 a ƙarƙashin jan ƙwai, in ba haka ba rigar jarumi za ta canza kala sau uku a zance ɗaya.

Zafi da ƙura kuwa kowa ya san su. Yawancin kyamarorin nan an ƙayyade masu aiki ne zuwa digiri 40, mu kuma a watan Afrilu mu kan wuce haka a inuwa. A riƙa mata lema, a kashe ta tsakanin fitowa da fitowa. Lokacin hunturu kada a cire lensi a fili. A shiga ɗaki ko mota, a kifa bakin ta ƙasa. In ɗigo baƙi ya bayyana wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce ta hau idon ciki. Kada ka hura da baki, kada ka goga da bakin riga. Akwai 'yar robar hura iska da aka yi don haka. Batirin Pocket 4K irin na Canon ne, LP-E6, kuma da wuya ya kai awa ɗaya, don haka wanda zai shiga ƙauyen da ba wuta da batir biyu, yawon buɗe ido ya tafi.

Inda na fi jin takaici shi ne kati. Mutum ya zuba miliyoyi a kyamara, sannan ya tsaya a bakin tasha ya sayi katin memori na jabu. Ana tsakiyar fitowar da ta fi kowace wuya, uwa na kuka, sai ɗauka ta tsaya cak, domin katin ba ya iya haɗiye abin da ake ɗura masa. Ka duba jikin sa: V30 na nufin megabait 30 a daƙiƙa, V60 sittin, V90 casa'in. Ka sayi wanda kyamarar ka ta nema, a wurin da za ka iya mayarwa. A cikin kyamara ake wanke kati, ba a kwamfuta ba, kuma ba a wanke shi sai an kwafe aikin a wuri biyu an buɗe an gani. Ga masu kirarin 4K kuma, ga lissafi: awa ɗaya ta 4K a ProRes HQ ta haura gigabait 300, alhali awa ɗaya ta 1080 a ProRes 422 ba ta kai 60 ba. Wa zai kalla? Mai shayi a Nasarawar Burkullu, a waya, ya na rage ingancin hoton da hannun sa don kada datar sa ta ƙare. Ka cika rumbu biyar, ka kashe kwamfutar edita, don mutumin da zai kalle ka a 360.

Shi wannan mai kallo zai yafe maka hoto mai ɗan duhu. Abin da ba zai yafe ba shi ne ya kasa jin magana. Makirfon ɗin jikin kyamara ba na ɗaukar zance ba ne. Iska ya ke ji, da janareta, da akuyar maƙwabta. Na sha faɗa, kuma an sha jin haushi na: wanda ke da kuɗin kyamara ɗaya tak, gara ya sayi mai rabin kuɗin, sauran ya sa a makirfon na sanda ko na maƙalawa, da abin sawa a kunne, da ƙafar kyamara mai ƙarfi.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai akwai makarantar koyon fim a Jos, su je can. Ɗan manomi daga Bukkuyum, a wannan hali da hanyoyin mu ke ciki, da wane kuɗin? Za a kuma ce komai na YouTube. Haka ne, da Turanci, daga bakin Baturen da bai taɓa ganin hazon Janairu ba, ga kuma yankin da aka taɓa rufe wa layukan waya gaba ɗaya a 2021. Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce wasu daga cikin ƙwararrun masu ɗaukar hoto na Kano da Kaduna rowar sani su ke yi. Yaro ya tambaye ka dalilin da hoton sa ke rawa, ka ce masa "sai a hankali," alhali amsar kalma uku ce. Ƙungiyoyin 'yan fim da ke karɓar kuɗin rajista, me zai hana su tura mutum biyu su yi kwana uku a Gummi ko Anka su na nuna wa yara waɗannan abubuwa da kyamara a hannu? An fi ganin su wajen rabon muƙami.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan wasan kwaikwayo? Ba wasa kaɗai ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, saboda duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF ne su ka fara gano abin, kuma aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa bai kai Bagega ba sai 2013. Hotunan da duniya ta gani na wannan masifa, kusan duk baƙi ne su ka zo su ka ɗauka, da tafinta, su ka tafi da su. Yaran da su ka tsira yanzu sun zama samari da 'yanmata. Iyayen da su ka binne 'ya'ya biyu ko uku su na nan, su na tsufa. Haka ambaliyar da ta ci Gummi a damanar 2024. Wa ya fi cancanta ya zauna gaban waɗannan mutane da kyamara in ba ɗan cikin su ba, wanda ba ya buƙatar tafinta, wanda tsohuwa za ta kira da sunan kakan sa? To amma ita tsohuwar nan ba 'yar wasa ba ce. In ta buɗe baki ta ba da labarin ranar da ɗan ta ya fara jijjiga, sannan ka koma gida ka tarar iska ce kawai a faifan, ko kati ya tsaya a minti na uku, ba za ka dawo ka ce mata "Inna, a sake" ba.

Shi ya sa na ce wa ƙanen abokin nan nawa kada ya sake kiran ɗan wasa ko ɗaya sai ya yi kwana biyu ya na gwaji. Ya sa ƙanen sa farar riga ya ɗauke shi a rana, a inuwa, a ɗaki da janareta a kunne, ya bar kyamarar ta yi ta ɗauka har kati ya cika ko batir ya mutu don ya san iyakar su, sannan ya kai wa edita, ya tura a waya ya kalla kamar yadda mai kallo zai kalla. In zai shiga gari da kyamara kuma, ya fara gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, ya bar maganar jirgin ɗaukar hoto mai tashi sama, don a yankin mu yanzu ba abin wasa ba ne.

Ya yi gwajin, hoton ya fito tas. Makon jiya ya bugo mani waya, wai ya ji an ce 6K ta fi, ko ya sayar da wannan ya ƙara kuɗi? Na tambaye shi ko ya sayi makirfon. Ya ce tukuna.