Zuwa ga masu binciken lafiyar yara da matasa



Da ku nake, ku da kuke bin ƙauyuka da sikeli da ma'aunin damtse da takardun tambayoyi. Aikinku ne ya nuna, a binciken lafiya na ƙasa na 2018, cewa yara 37 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ba mai raina wannan aiki. Roƙona a kan yadda kuke neman izinin iyaye ne.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Da aka ƙi allurar shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Har yau idan uwa ta ja ɗanta baya da ganin sirinji, kada ku ɗauka jahilci ne.

Dangwala yatsa ba izini ba ne. Uwa za ta dangwala don mai unguwa na tsaye, ko don tana zaton magani za a raba. Ku zauna a tabarmarta, ku yi bayani da Hausar da take ji: jini nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, kuma ko ta ce a'a ba za a hana ɗanta magani ba. Sannan ku ce ta maimaita muku abin da ta fahimta.

Budurwa 'yar shekara goma sha huɗu kuma, kada a tambaye ta batun al'ada ko damuwar zuci a gaban babanta. “Lafiya lau” za ta ce, ku rubuta abin da ba shi ne ba. A samo mace ta keɓe da ita, a nemi yardarta ita ma bayan ta iyayenta.

Idan ma'aunin damtsen ƙaramin yaro ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Kada ku cika takarda ku wuce. Ku haɗa uwar da asibitin da ake ba da abincin tamowa a ranar. In kun gama bincike, ku koma garin, ku tara iyaye da ungozomomi, ku faɗa musu abin da kuka gano a jikin 'ya'yansu.

Wassalam.