Guraben Aikin Sauyin Yanayi: A Tallata Su Har Kafanchan

Dokar Sauyin Yanayi da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, ta kuma wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya buɗe sashen kula da wannan fanni. Dokar Lantarki ta 2023 kuwa ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Dokokin biyu sun haifar da buƙatar masu ba da shawara kan manufofi. Abin tambaya shi ne: su wa ake ɗauka, kuma ta wace ƙofa?

Kudancin Kaduna ya isa misali. Madatsar Gurara tana shayar da Abuja, an kuma gina mata tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30, amma ƙauyuka da dama na yankin da gawayi da itace suke girki. A daminar 2023 cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, manoma suka wayi gari da bashi maimakon riba. Wanda zai rubuta wa minista takardar shawara kan wutar karkara ko tallafin manoma ya kamata ya san waɗannan wurare da ƙafarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba a rasa ƙwararru ba. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana yaye ɗalibai a fannin noma da muhalli. Sai dai gurbin da ba a tallata ba, ɗan manomin citta ba zai ji labarinsa ba sai an cike shi. Binciken da Majalisar Wakilai ta gudanar a 2023 kan cinikin guraben aiki ya nuna inda ɗaukar ma'aikata a ɓoye ke kai mu.

Saboda haka, ya ku daraktoci da hadiman ministoci, magani yana hannunku. Ku daina neman izinin tsallake talla daga Hukumar Raba Daidai. Ku sanar da kowane gurbi a jarida da rediyo, ku bayyana sharuɗɗa, ku sanya sanin karkara cikin ma'aunin tantancewa.

Najeriya ta yi alƙawari a Glasgow cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Takardar alfarma daga wani babba ba za ta cika wannan alƙawari ba.