Mota ta koyi magana, saura a samu mai jin yarenta

A wannan mako filin namu zai leƙa gareji, domin maganar ta shafi aljihun duk mai mota, ko Alhaji ne mai jerin motoci a Maraɗi, ko ma'aikaci ne a Yamai wanda ya yi shekaru yana tsimin albashi kafin ya mallaki tsohuwar Toyota ɗaya tilo.

A zamanin Peugeot 404 da 504, kunne da hannu su ne kayan aikin makaniki. Ya saurari ƙarar inji, ya kwance karbirato ya hura, ya goge buji, mota ta tashi. Motocin da ake saukowa yanzu a tashoshin ruwan Kotonu da Lome kuwa, kowace tana ɗauke da ƙwaƙwalwa ta lantarki, wadda ita ke auna iskar da inji ke shaƙa, ta ƙayyade man da za a fesa, ta kuma rubuta duk wata matsalar da ta gani. In ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta kunna ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji a gaban direba. Daga nan ne asara ke farawa ga wanda bai san hanya ba: yau a canza buji, gobe a canza famfon mai, jibi a ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu, fitila kuwa tana nan kunne, alhali motar ta riga ta rubuta abin da ke damunta, ba a dai tambaye ta ba.

Tambayarta kuwa ba wani sihiri ba ne. Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota kafa iri ɗaya mai ramuka 16, da tsarin bincike iri ɗaya, wanda ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu da nata mai suna EOBD, ga motocin esansi a 2001, ga na gazuwal a 2004. Kafar tana nan ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi, wani lokaci a bayan wani ɗan murfi. Abin da makanikan Faransa ke kira baliz, watau akwatin bincike, a yau ƴar kwamfutar hannu ce, da waya mai kai biyu, da manhajar da aka girka a ciki. Girkawar nan ita ce wurin da mutane da yawa ke karaya, su jefa wayar a cikin durowa su ce ba ta aiki.

Kafin a sayi komi, a san abin da ake so. Wayoyi iri biyu ne. Akwai ta gama-gari, wadda aka fi sani da ELM327, sunan wani ɗan guntun lantarki da wani kamfanin Kanada, Elm Electronics, ya ƙirƙira. Ita tana magana da kusan kowace mota, amma maganar inji da hayaƙi kawai take ji sosai. Akwai kuma ta gidan kowace mota: Techstream ga Toyota, DiagBox ga Peugeot da Citroën, wanda ya gaji Lexia da PP2000, CAN Clip ga Renault, Xentry ga Mercedes, sai VCDS na kamfanin Ross-Tech ga Volkswagen da danginta. Waɗannan su ke shiga har birki, da jakar iska ta tsaro, da akwatin giya, da makulli. A ganina ma'aikacin da ke da mota ɗaya, ta gama-garin ta ishe shi, da manhaja mai sauƙi irin EOBD-Facile, wadda aka yi da Faransanci. Mai gareji ne, ko ɗan kasuwar da motocinsa duk gida ɗaya suka fito, ya kamata ya wahalar da kansa da ta biyun.

Ga tsarin aikin. A fara girka manhaja tukuna, sannan tafinta, wayar kuwa tana ajiye gefe ba a soka ta ba. Tafinta shi ne ɗan ƙaramin shirin da Faransawa ke kira pilote, wanda in babu shi Windows ba ta san abin da aka soka mata ba. A cikin kan wayar akwai wani guntu mai juya maganar USB zuwa ta tsohuwar kafar kwamfuta da ake kira COM, kuma gidaje kaɗan ne ke yin sa: FTDI, Prolific, sai masu lamba CH340 da CP2102. Kowane da tafintansa, na wani ba ya yi wa wani aiki. In an soka waya kafin tafinta, Windows kan yi gaban kanta ta ɗora wanda ta ga dama, cire shi kuma sai ya ci rabin yini.

Bayan an soka, a buɗe wurin da Windows ta Faransanci ke kira Gestionnaire de périphériques, a duba layin Ports. In an ga sunan wayar da lamba, misali COM7, to kwamfuta ta gane ta. In an ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, tafinta ne bai dace ba. Lambar nan ita za a shiga a rubuta a cikin saitin manhaja, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe, don tsofaffin manhajoji da dama ba su ganin komi sama da COM4. Maganin shi ne a shiga saitin ci gaba na kafar a sauya mata lamba da hannu zuwa 2 ko 3. A kuma kiyaye: in yau an soka wayar a ramin dama, gobe aka soka ta a na hagu, lamba na iya canzawa, manhaja ta ce ba ta ga komi ba. A zaɓi rami ɗaya a yi masa alama. Saurin magana ma sai ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Ga yawancin wayoyin ELM327 lambar ita ce 38400. Wayoyin FTDI kuma suna da wani jinkiri da ke zuwa a kan 16. Tsofaffin motoci masu magana ta rami na 7, irin su BMW da Volkswagen na da, sukan yanke zance a tsakiya sai an rage shi zuwa 1.

To in an yi duk wannan, an murɗa makulli fitilu sun kama ba tare da an tada inji ba, amma har yanzu shiru? Kada a hau zargin motar. Zance ne tsakanin abubuwa uku, kwamfuta da waya da mota, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga inda igiya ta tsinke. Ga mai ELM327 akwai gwaji mai sauƙi da ban cika ganin ana amfani da shi ba. A buɗe ƙaramin shirin nan PuTTY, a zaɓi lambar COM da saurin, a rubuta ATZ. In waya ta amsa da sunanta, tsakaninta da kwamfuta lafiya lau. A rubuta ATRV, za ta faɗi ƙarfin batir: lafiyayyen batir yana wajen bolt 12,6 in inji na kashe, in kuwa ya yi ƙasa da 12, a fara cajinsa kafin a ci gaba, domin ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi da wuta ba takan rubuta laifuffukan da babu su. Sannan a rubuta 0100. In amsa ta fara da 41 00, mota ta yi magana, matsalar tana saitin manhaja. In aka ce an kasa haɗuwa, sai a koma ga motar.

A motar ma, abu na farko fizibil ne. Rami na 16 shi ke ba wayar wuta daga batir, na 4 da na 5 su ne ƙasa, kuma a motoci da yawa fizibil ɗaya ne ke ciyar da wannan kafa da ramin kunna taba, wanda muke cajin salula da shi dare da rana har ya ƙone ba mu sani ba. Waya in ba ta kunna ko fitila ɗaya ba, nan za a fara dubawa. Na biyu ƙura: a haska tocila a ga ko ramukan sun toshe ko sun buɗe baki. Na uku asalin motar. Wadda aka ƙera don kasuwar Japan, ko ƙasashen Larabawa, ko Afirka, dokar Amurka da ta Turai ba su hau kanta ba, saboda haka tsohuwar Hilux ko Land Cruiser na iya kasancewa da kafa mai ramuka 16 sumul amma ta ƙi kula wayar gama-gari, sai ta gidansu. Tsofaffin Mercedes kuwa kafarsu zagayayya ce mai ramuka 38 a wajen inji, ta BMW mai 20, sai da mahaɗi. Masu manyan motocin dakon kaya su yi hattara ƙwarai: wutarsu bolt 24 ce, wayar ƙaramar mota in an soka mata tana iya ƙonewa nan take.

Sai maganar jabu, wadda ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Mafi yawan wayoyin ELM327 da ke kasuwa kwaikwayo ne. Abin dariya ma, lambar 1.5 da aka fi gani a jikinsu, kamfanin asali bai taɓa fitar da ita ba. Wasu suna aiki daidai gwargwado, wasu kuwa, musamman cikin masu lambar 2.1 na araha, an zubar da rabin yarukan da ya kamata su ji, sai su yi magana da sabuwar mota mai tsarin CAN, wanda ya zama dole a Amurka tun 2008, su yi gum a gaban ta 2003. Guntun USB ɗin ma ana yin jabunsa. A watan Oktoba na 2014 kamfanin FTDI ya fitar da wani tafinta da ke goge lambar shaidar jabun guntu har kwamfuta ta daina ganinsa, sai da aka yi ca a kansa ya janye. Sababbin tafintocin Prolific su kuma ƙin jabun suke yi, su nuna Code 10. Araha ba ta ado. In za a saya, a sayi wadda mai ita ya yarda a gwada a jikin mota kafin a biya.

Faifan da ke zuwa da irin waɗannan wayoyi ya fi su haɗari. Sau da yawa manhajar da ke ciki ta sata ce, an fasa makullinta, takardar bayani kuma ta ce a kashe maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta kafin a girka. Wanda ya yi haka a kwamfutar da yake lissafin shagonsa ko yake shiga asusun bankinsa, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Ma'aikaci kuma kada ya kuskura ya yi wannan gwaji a kwamfutar ofis, ba tasa ba ce. A ware tsohuwar kwamfuta ga aikin mota kaɗai, wadda ba ta hawa intanet. Dama tsofaffin manhajoji irin Lexia da PP2000 don Windows XP aka yi su, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 2014, kuma tafintan wayar Mini VCI ta Toyota an san shi da gardama a kan Windows mai 64. Masu wayo sukan girka VirtualBox, su rayar da tsohuwar Windows a cikin sabuwa kamar ɗaki a cikin ɗaki, sai dai a tuna a miƙa wa ɗakin cikin wayar USB, in ba haka ba ba zai gan ta ba.

Yanzu mota ta amsa, ta ba da lamba. Harafin farko yana faɗin unguwa: P inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U layin da ƙwaƙwalen ke magana da juna. In sifiri ya biyo baya, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, sai littafin gidan motar. A nan nake da ja da wasu masu gareji da suka sayi kwamfuta suka ajiye hankali. Lamba tana faɗin inda ciwo ya bayyana ne, ba ta cewa a sayi kaza. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, wanda tsagewar tiyo na iya kawowa, ko toshewar matatar mai, ko ƙurar hunturu da ta lulluɓe ma'aunin iska, abin da wankewa kawai ke gyarawa. P0301 na cewa silinda ta farko tana tsallake wuta. A musanya kwayil ɗinta da na ta biyu, in lamba ta koma P0302 an kama mai laifi ba a kashe ko dala ba. P0420 kuwa matatar hayaƙi take nufi, kuma a motar da ta sha hannu kafin ta iso, yana da kyau a duba ko matatar tana nan ma, don ƙarafa masu tsada da ke cikinta sun sa ana farke ta. In fitilar tana ƙyaftawa ne maimakon ta tsaya kunne, a tsaya da motar, inji na zubar da ɗanyen mai cikin matatar yana dafa ta. Kuma a rubuta lambobi a takarda kafin a taɓa maɓallin gogewa, domin gogewa na tafiya da bayanin halin da inji ke ciki lokacin da abin ya faru.

Ga mai sayen mota, wannan ƴar waya ta fi rantsuwar dillali amfani. Da an murɗa makulli fitilar inji ya kamata ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta, amma ƙwaƙwalwa za ta gaya wa kwamfuta cewa ita a wurinta fitila kunne take. Motoci da yawa suna kuma faɗin kilomita nawa aka yi tun da aka goge lambobi, da ko gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta sun kammala. In an ga kilomita biyar kacal, gwaje-gwaje duk ba su kammala ba, a nemi a zagaya da motar tafiya mai ɗan nisa a sake dubawa. Ba lalle ha'inci ba ne, cire batir ma yana jawo haka, kuma motar da ta yi makonni a jirgin ruwa batirinta kan mutu. A gwada kuma lambar shasi da ƙwaƙwalwa ta faɗa da wadda ke kan takardun duwan.

Karanta lamba ba ya ɓata komi. Rubutu a cikin ƙwaƙwalwa shi ne mai haɗari, watau sabunta shirinta, ko koya mata sabon makulli, ko canza saitinta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, ko batirin mota ya yi sanyi, ko wani yaro ya taka waya ta fita, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa ɗungurungum, motar da ta shigo gareji da ƙafarta sai an ja ta, sabuwar ƙwaƙwalwa kuma sai an yi odarta daga waje an daidaita ta da makulli. Wanda zai yi irin wannan aiki ya cika batirin kwamfutarsa, ya hana ta yin barci, ya jona wa motar caja mai riƙe wuta daidai, kuma kada ya yi shi da wayar da bai san asalinta ba. Mai mota kuma, in makaniki ya ce zai taɓa shirin ƙwaƙwalwa, yana da haƙƙin ya tambaye shi da wace waya zai yi, da kuma wa zai biya in ta mutu, tun kafin a murɗa makulli.